Terramycin da Deksa: Magungunan da Ke Ceto, Kuma Suke Kisa In An Yi Musu Gaba Gaɗi

   Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na lafiyar mutum da dabba. Mun sa shi a takarda domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya, ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

Maganarmu a kan magunguna iri biyu ce, waɗanda da wuya ka buɗe jakar makiyayi ko aljihun motar ɗan kasuwa ka rasa ɗaya daga cikinsu. Dukkansu magunguna ne da ƙa'ida ta ce sai da takardar likita, wadda muke kira ordonans a nan Kamaru. Amma kowa ya san ranar kasuwar Pitowa ko Adumri ko Mbaibum, ana shimfiɗa su a tabarma kusa da gishiri da igiya, a sayar wa duk wanda ya miƙa kuɗi.

Su wane ne waɗannan magunguna?

Na farko su ne antibayotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na bakteriya. A wajen mutane akwai amoksisilin, ampisilin, sifrofuloksasin, Bactrim ko Septrin, da kafso ɗin nan da muke ganewa da launi, ja da baƙi, ja da yalo. A wajen dabbobi akwai oksitetrasaiklin, wadda kusan kowa ke kira Terramycin ko wane kamfani ne ya yi ta, da haɗin fenisilin da sitireptomaisin, da tailosin.

Na biyu su ne dangin kotizon. Wanda aka fi sani shi ne deksametazon, deksa a taƙaice, sai firednisolon da betametazon. Suna zuwa a ƙwaya, a allura, a man shafawa, har da ɗigon ido. Waɗannan ba sa kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Aikinsu kwantar da kumburi da lafar da faɗan da jiki ke yi.

A riƙe wannan bambanci da kyau, domin duk sauran bayanin a kansa yake.

Cututtukan da antibayotik ba ya taɓawa

Abubuwan da ke sa ciwo ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, akwai bairos, akwai tsutsa, akwai ƙananan halittu masu shiga jini ta cizon sauro ko ƙudan tsando ko kaska. Antibayotik na bakteriya aka yi shi.

A wajen mutum, mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro na lokacin hunturu bairos ne. Ko ka shanye fakitin amoksisilin guda, mura sai ta cika kwanakinta. Zazzaɓin cizon sauro yana da nasa gwajin na ɗigon jini a yatsa, yana da nasa maganin. Yawancin gudawar yara, abin da ke ceton rai a cikinta shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Sai in akwai jini a kashin, ko ana zaton kwalara, likita ke ƙara antibayotik.

A garke ma haka. Ciwon baki da ƙafa, wanda Fulani ke kira mboru, bairos ne. Ciwon da ke kashe awaki da tumaki da majina da gudawa da gyambon baki, wanda ma'aikata ke kira PPR, shi ma bairos ne. Sammore kuwa na ƙudan tsando ne, maganinsa su Veriben da Berenil da Samorin. Ciwon hanta da tsutsar ciki suna da nasu daban. In ka ga malamin dabbobi ya yi wa saniya mai mboru allurar Terramycin, gyambon ƙafa da na baki yake tsarewa kada wata cuta ta hau kai. Mborun kansa allurar ba ta taɓa shi ba.

Ciwon huhu na shanu yana da tarko na musamman. Allura tana iya sa saniya ta miƙe ta ci gaba da kiwo, a ido ta warke, alhali cutar tana ƙunshe a huhunta. A kai ta mashaya ko kasuwa, ta raba wa wasu. Shi ya sa hanyar da hukuma ta ɗauka a kan ciwon huhu ita ce rigakafi da kai rahoto ofishin dabbobi. Kuma rigakafin nan a ƙofarmu ake yin sa. Ɗakin binciken LANAVET da ke Bokle, kusa da Garwa, wanda aka kafa a 1983, yana yin alluran rigakafin ciwon huhu da PPR da harbin daji da ciwon saifa, har ƙasashe maƙwabta suna saye. Dattawanmu suna tuna bushiya da irin ɓarnar da ta yi. A 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da rigakafi aka ci ƙarfinta.

Yadda ƙwayar cuta ke koyon gagarar magani

Wani zai ce, to in bai yi amfani ba ai bai cutar ba, kuɗina ne kawai ya tafi. A'a, baba, akwai abin da ya fi kuɗin.

A jikin mara lafiya ƙwayoyin cuta miliyoyi ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. In magani ya shiga da cikakken awo, na cikakkun kwanaki, yakan gama da su tare da taimakon garkuwar jiki. In ya shiga rabi da rabi, raunana su mutu, masu taurin su tsira. Waɗanda suka tsira su ne za su hayayyafa, kuma bakteriya tana iya ninka kanta cikin ƙasa da awa guda. Gobe in ciwon ya dawo, jikokin masu taurin kai ne za ka tarar, maganin jiya ba zai ji da su ba. Kuma ba a jikinka kaɗai za su zauna ba. Suna bin kashi da ruwa da nono da hannu, daga saniya zuwa yaro, daga ruga zuwa gari. Ba sa tsayawa a duwan.

Mun ga irin wannan da idonmu. Da can Nivaquine, wato kulorokwin, ita ce maganin zazzaɓi a kowane gida. A hankali ta daina ji, har a farkon shekarun 2000 Kamaru da Najeriya suka sauya ta da wasu magunguna masu tsada fiye da ita. Abin da ke faruwa da antibayotik yanzu ke nan.

Baturen Birtaniya Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da bakinsa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da awo zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta gagari magani. Yankin da abin ya fi tsanani, in aka auna da yawan jama'a, shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara. Saboda girman matsalar ne duk shekara, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, aka keɓe mako guda na faɗakarwa a duniya.

Lissafin allura a garke

Ga inda muka fi yin asara ba mu sani ba. Kwalbar oksitetrasaiklin kala-kala ce. Akwai mai 5%, akwai mai 10%, akwai mai 20% wadda galibi ake rubuta wa LA, wato mai daɗewa a jiki. Mai 20% tana da ninki huɗu na ƙarfin mai 5%. Sirinji ɗaya, cika ɗaya, amma maganin da ke ciki ba ɗaya ba ne.

Awon da aka saba rubutawa a kan mai 20% LA shi ne mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. To mu yi lissafi. Saniya mai kilo 250 tana bukatar mililita 25. In ka yi mata 10 domin kwalbar ta isa shanu goma, ko rabin awo ba ta samu ba. In kuma kwalbar mai 5% ce ka yi mata wannan 10 ɗin sau ɗaya ka tafi, kashi ɗaya cikin goma na wancan awon ka ba ta. Masu 5% da 10% an yi su ne a riƙa maimaitawa kullum na wasu kwanaki, yadda takardar ta nuna. A ɗaya gefen, akuya mai kilo 25 mililita 2 da rabi ne awonta. In ka ɗura mata 10, ka ninka mata sau huɗu.

Abubuwan kiyayewa:

1. A san nauyin dabba. Malaman dabbobi suna da tef da ake zagaya ƙirji da shi ya ba da kusan nauyin. Ido yana yaudara, musamman a bijimi.
2. A karanta ƙarfin kwalba kafin a ja. In ba mai karatu kusa, a tambayi malamin dabbobi ya yi alama a jikin sirinji.
3. Kada a zuba allura mai yawa a wuri guda. A raba ta wuri biyu ko uku cikin tsokar wuya, gwargwadon iyakar da kwalba ta faɗa. Wurin da aka cika wa allura yakan kumbura ya ruɓe, mahauci ya yanke ya yar.
4. Kada a gauraya magunguna biyu ko uku a sirinji guda, kuma kada a ƙara wa kwalba ruwa.
5. A tafasa sirinji da allura, ko a canza sabuwa. Allura ɗaya daga mara lafiya zuwa mai lafiya hanya ce ta raba cuta.

Kwanakin jira: maganar nono da nama

Bayan allura, magani yana zama a nama da hanta da ƙoda, yana kuma fita ta nono. Kowace kwalbar kirki tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a sha nonon ko a yanka dabbar. A kwalbar Faransanci za ku ga an rubuta temps d'attente ko délai d'attente, a ta Turanci withdrawal period. Ga mai 20% LA, na nama yakan kai mako uku zuwa huɗu ko fiye, na nono kusan mako guda, wasu kamfanonin ma sun hana a yi wa saniyar da ake tatsa sam. Abin da ke jikin kwalbarka shi ne hukunci.

Iyayenmu mata masu tallan nono sun riga likitoci gane wannan. Sau da yawa in aka haɗa nonon saniyar da aka yi wa allura, kindirmo ya ƙi kamawa. Dalili kuwa, ƙwayoyi masu amfani ne ke sa nono ya yi tsami ya daskare, maganin ya kashe su. To abin da ya yi wa ƙwarya, shi yake yi wa cikin yaron da ya sha. Tafasawa ba ta fitar da maganin duka. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya shiri da fenisilin, ɗan kaɗan a nono ya isa ya tayar musu da ƙaiƙayi da kumburi.

Saniyar da aka yi wa allura a yi mata alama a ƙaho ko wutsiya, a tatse ta daban, kuma a ƙarshe. Wanda ya ga dabba ta ƙi tashi bayan allura ya yi maza ya kai wa mahauci, ya sani naman cike yake da magani, kuma wataƙila ɗan uwansa ne zai saya a tukuba.

Akwai magani ɗaya da ba a yarda a ba dabbar da za a ci ko a tatsa ba ko kaɗan: kuloramfenikol. Ƙasashe da yawa sun haramta shi a kiwo saboda yana iya kashe ɓargon mutum ya daina yin jini.

In mutum ne zai sha

Maganin dabba na dabba ne. Kada wani ya ja daga kwalbar shanu ya yi wa kansa ko ɗansa, komai nisan asibiti.

In likita ya rubuta maka antibayotik, ka tambaye shi guda nawa, sau nawa a rana, kwana nawa. Sau uku a rana yana nufin kusan kowane awa takwas, domin kada maganin ya yanke a jini. In lokacin azumi ne, gaya masa, shi zai san ko akwai wanda ake sha sau biyu ko sau ɗaya. Ka cika kwanakin da ya rubuta. Jin sauƙi a rana ta biyu ba ya nufin ƙwayoyin sun ƙare. Kada ka ajiye saura don wani karo, kada ka ba maƙwabci don ciwonsa ya yi kama da naka.

Kafso ja da yalo, dangin tetrasaiklin, ba a ba mai ciki, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8, domin yana shiga haƙori da ƙashi mai girma ya bar tabo har abada. Kuma shi da sifrofuloksasin ba sa shiri da nono ko kindirmo ko maganin ƙarin jini. In aka haɗa su, maganin yakan ɗaure a hanji ya wuce bai shiga jini ba. A bar tazarar awa biyu aƙalla. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da fura da nono ne abincin rana. Mai shan Flagyl kada ya kusanci giya. Alluran jentamaisin da sitireptomaisin suna iya lalata ƙoda da ji, ba na mai allurar bayan gida ba ne. Fasa kafso a barbaɗa a gyambo kuwa ba ya warkar da shi, sabulu da ruwa mai tsabta da sa bandeji sun fi.

In ciwo ya ƙi jin magani, ƙara wani a kai da ka ba shi ne mafita ba. Akwai gwajin da ake shuka ƙwayar cutar daga fitsari ko jini ko mugunya a ga wane magani ne ke kashe ta. Ana yin irinsa a manyan asibitoci da reshen Centre Pasteur na nan Garwa.

Deksa: an je neman ƙiba an samo rama

Kada a fahimce mu ba daidai ba, deksa magani ne mai daraja a hannun likita. Ana ceton mai asma da numfashinsa ya toshe da danginsa. Ana yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini allurarsa domin huhun jariri ya nuna. A watan Yuni na 2020 wani bincike a Ingila ya nuna ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da aka sa wa na'urar numfashi. Amma binciken nan dai ya nuna bai amfani masu ciwon da bai kai ga neman iskar oksijin ba. Ga shi nan, magani ɗaya, wani ya cece shi, wani bai yi masa komai ba. Likita ne ke raba tsakani.

A kasuwa kuwa ana sayar da shi don ciwon jiki da gajiya, ana cusa shi cikin haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda ba suna, ana kuma shan sa don ƙiba, abin da a wajen Najeriya ake kira sha-ka-fashe. Yana ruɗar mutane ne saboda aikinsa nan take ne. Ciwo ya lafa, ci ya buɗe, fuska ta cika. Amma ƙibar deksa kitse ne da ke taruwa a fuska da ƙeya da ciki, hannuwa da ƙafafu kuma suna sirancewa domin tsoka yake ci. Wanda ya daɗe a kansa yana iya gamuwa da ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki musamman in ana haɗa shi da su diklofenak, ƙashi mai saurin karyewa, fata mai tsagewa, yanar ido. Mafi muni, yana kwantar da garkuwar jiki. Mai tarin fuka da bai san yana da shi ba, in ya kama deksa, zazzaɓi ya ɓoye, cuta kuma ta ci gaba da cin huhu.

Ga gargaɗi mafi girma a shirin yau, a saurara. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai samar da sinadari irin na kotizon, wanda ke riƙe jini da suga da ƙarfin jiki. In mutum ya yi makonni yana shan deksa, waɗannan tsokoki sukan yi barci, tunda ana kawo musu daga waje. In ya daina rana ɗaya, babu na waje, babu na ciki. Sai kasala mai tsanani, amai, jiri, jini ya faɗi, wani har ya suma ya mutu. Don haka duk wanda ya ji wannan shiri, kuma ya san ya wuce mako uku yana shan deksa ko firednisolon, kada ya jefar da su yau. Ya ɗauki fakitin ya je asibiti, ya faɗi gaskiya, likita ya tsara masa yadda zai rage a hankali. Babu abin kunya a ciki.

Deksa a garke

Makiyayi ya riƙe wannan: allurar deksa tana sa saniya mai tsohon ciki ta yi ɓari ko ta haihu kafin lokaci, sau da yawa kuma mahaifa ta maƙale. Kuma wasu kwalaben fenisilin da sitireptomaisin an haɗa su da deksa a ciki. Ka duba jikin kwalba, in ka ga haruffan DEXA a ko'ina, kada ta kusanci mai ciki sai da izinin malamin dabbobi. Yana kuma rage nonon mai shayarwa na wani lokaci.

Masu kiwon turka da ke ba rago ko sa deksa gab da Babbar Sallah don ya cika ido, su sani suna karya garkuwar dabbar. Tafiyar kwanaki a tirela zuwa Yawunde ko Duwala ko kudancin Najeriya, cikin zafi da cunkoso, ita ce ke fallasa irin wannan dabba. In ta faɗi a hanya asarar dillali ce, in ta isa kuma maganin yana cikin naman da iyali za su ci. Harawa da dusa da ƙulin auduga da haƙuri su ne ke sa ƙibar gaskiya.

Ido da fata

Jan ido yana yawa lokacin ƙura. Wasu ɗigon idon suna ɗauke da deksa. In akwai ƙwarzane ko gyambo a baƙin ido, kamar wanda kaikayi ko ƙaya ta soka, irin wannan ɗigo yana iya zurfafa gyambon har ido ya tsiyaye. Daɗewa a kansa kuma yana kawo hawan jinin ido, wanda ke makantarwa ba a ji zafi ba. Kada a ɗiga komai sai an duba idon.

Mayukan shafawa masu betametazon da kulobetasol suna kwantar da ƙaiƙayi, amma a kan makero da ƙazuwa ƙara musu faɗi suke yi. Su ne kuma ake zubawa a man bilicin, fata ta yi laushi kamar takarda, ta tsage, ɗinki ya ƙi kamawa ranar da aka yi tiyata. A watan Agusta na 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigowa da sayar da kayan shafe-shafe masu ɗauke da sinadarai masu haɗari na sauya launin fata.

Saƙo ga 'yan kasuwa

Alhazanmu masu ɗauko kaya, ku ne ƙofar da magani ke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko bai kai awo ba. Antibayotik mai rabin ƙarfi yana yin ɓarna iri ɗaya da shan rabin awo. Dokar Kamaru ta keɓe sayar da magani ga masu izini, kuma duwan tana kama irin wannan kaya. A Najeriya NAFDAC ce ke yi wa magani rajista, wasu fakitin ma suna da wurin kankarewa a tura lamba ta waya a tabbatar. A Kamaru LANACOME ce ke gwada ingancin magani a Yawunde.

Ko maganin gaske ne, zafi yana kashe shi. Yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Maris da Afrilu Garwa tana haura 40. Kwalbar da ta yini a tabarma cikin rana, ko a but ɗin mota daga Mubi zuwa Gashiga, ba ita ce ta baro kamfani ba. Mai saye ya duba ranar lalacewa, ya duba murfi ko an taɓa shi, ya guji ƙwayar da aka zare daga fakitinta. In kwalba ta sauya launi ko ta yi gudaji, a bar ta. In farashi ya faɗi ƙasa da na farmasi nesa ba kusa ba, ai araha ba ta ado. A ruga, a ajiye magani a inuwa, cikin akwati, inda yara ba sa kaiwa.

Alamomin da ba a jira da su

A bar komai a nufi asibiti in bayan shan magani ko allura fuska ko leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko fata ta fara ƙuraje masu saɓulewa har baki da ido, wanda Bactrim kan jawo wa wasu. Haka in zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, domin muna cikin yankin sanƙarau, kuma shi awanni yake ƙirgawa. Haka in kashi ya koma baƙi kamar kwalta ko ana aman jini, ko yaro ya kasa sha, ko an kwana biyu zuwa uku ana shan magani jiki yana ƙara lalacewa. Wanda ya taɓa samun kumburi da fenisilin ya riƙa gaya wa kowane likita kafin a rubuta masa komai.

A garke, in dabbobi da yawa suka kwanta lokaci guda, ko wata ta faɗi matacciya farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a ci. A sanar da ofishin dabbobi na MINEPIA mafi kusa, ko na ƙaramar hukuma in kana gefen Najeriya. Ciwon saifa yana kama mutum.

Mun san uzurin da za a kawo, kuma gaskiya ne: asibiti da nisa, malamin dabbobi ba ya isa kowace ruga, kuɗin mota kaɗai ya fi na maganin. To abin da ya sauƙaƙa a yi shi. A riƙe lambar malamin dabbobi na yanki a waya, a kira shi kafin a ja allura, ko a tura masa hoton kwalba da na dabbar. Rugage biyu ko uku su haɗa kuɗi su kira shi rana ɗaya. Ranar kasuwa, kafin a tsaya gaban mai tabarma, a leƙa cibiyar lafiya. In an yi shelar rigakafi, a fito da garke duka, kada a ɓoye rabi. Matambayi ba ya ɓata.

A nan muka dasa aya. Masu tambaya su ci gaba da aiko mana ta hanyar da aka saba, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, za mu miƙa wa ma'aikatan lafiya su amsa a shiri na gaba. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya albarkaci garke da kasuwa. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.